Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Allon Tsere, Kwale-kwale da Nauyin Matuƙi

 

Gaisuwa ga mutanen Yankara. Gaisuwa ga na Sheme da Daudawa da Maigora da Ruwan Godiya da Mairuwa da cikin garin Faskari. Ban manta da ku ba, mutanen Ƙanƙara da Sabuwa. Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina wuni? Yaya gona? Yaya kasuwa?

Yau ruwa za mu shiga. A gyara zama.

Samarinmu da dama sun ga wani wasa a waya. Mutum ne tsaye cak a kan wani dogon allo, a tsakiyar ruwa. Filafili guda a hannunsa, yana tuƙi, allon yana tsaga ruwa. Masu wasan suna taƙaita sunansa da haruffa uku, SUP. Mu a shirin nan za mu ce masa allon tuƙin tsaye.

Tambayar yau ita ce: in mutum ƙaƙƙarfa ne, mai jiki, mai kilo 90 ko 100 ko fiye, wane irin allo ya dace da shi in zai shiga tsere?

Wani zai ce, malam, mu a Yankara ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu a ciki da yawa. Lissafin da ke zaɓa wa mai jiki allonsa, shi ne lissafin da ke riƙe da kwale-kwalen fito. Muna da madatsar ruwa a Mairuwa. Akwai ta Gwaigwaye a wajen Funtuwa, akwai ta Zobe a wajen Dutsin-Ma. 'Ya'yanmu na tafiya cin rani Yawuri da Kainji da Lakwaja da Legas. Duk inda suka je, jirgi na jiran su a bakin ruwa.

Shirin kashi biyar ne. Na farko, asalin wasan. Na biyu, yadda ruwa ke ɗaukar nauyi. Na uku, za mu jera alluna uku mu gwada su. Na huɗu, za mu sauko kan kwale-kwalenmu. Na biyar, shawarwari.

Ga maganar da nake so ku riƙe tun yanzu: auna kanka kafin ka zaɓi jirgi. Zan sake faɗa. Auna kanka kafin ka zaɓi jirgi.

KASHI NA ƊAYA

To, mu fara da asali.

Wasan a sigarsa ta zamani daga tsibiran Hawai ya fito, a tsakiyar tekun Fasifik. Masu koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki ne suka riƙa tsayawa a kan allunansu da filafili, don su riƙa hango ɗalibansu. Bayan shekarar 2000 sai abin ya bazu a duniya. An yi gasar duniya ta farko a ƙasar Peru a 2012. A 2019 hukumar tseren kwale-kwale ta duniya ita ma ta shirya tata gasar ta farko a ƙasar Sin.

Amma jama'a, tsayuwa a kan ruwa ana tuƙi ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Je ka bakin gulbi ka ga Sarkawa. Mutum na tsaye a gindin jirginsa, gwangwala a hannu, yana dogarawa yana turawa. Ƙafarsa ta san rawar jirgin tun yana yaro.

Mu ƙara komawa baya. A 1987, a ƙauyen Dufuna cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yau, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da wani katako. Da masana suka tono shi, ashe kwale-kwale ne. Tsawonsa ya haura mita 8. Faɗinsa kuwa rabin mita kawai. Shekarunsa sun kai 8,000. Ba a taɓa samun jirgin da ya girme shi a Afirka ba. Ku lura da siffarsa: dogo, siriri, mai tsinin goshi. Kakanninmu sun daɗe da gane cewa dogon siririn jirgi ya fi gudu.

Sai Argungu, a jihar Kebbi. Bikin kamun kifin can ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya. Kafin ranar babban su a Matan Fada, ana yin kabanci. Cikin kabanci akwai tseren kwale-kwale, akwai nutso, akwai kamun agwagwar ruwa. A Yawuri ma akwai bikin Rigata a kan kogin Kwara, inda jirage ke fafatawa.

Kuma a fagen duniya muna da ƙafa. Ayomide Bello ita ce mace ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren kwale-kwale a wasannin Olamfik, a Tokyo, a 2021.

Ke nan wasan tuƙi namu ne tun tale-tale. Kayan aikin ne kawai suka sake.

Wannan shi ne kashi na ɗaya.

KASHI NA BIYU

Yanzu mu shiga kashi na biyu. Yaya ruwa ke ɗaukar nauyi?

Ina so kowa ya tuna da jarka. Jarkar nan mai lita 25 da ake ɗibar ruwa da ita. Ka zazzage ta, ka murɗe marfin da kyau, ka jefa ta a kududdufi. Me za ta yi? Za ta taso, tana lilo a sama. Yanzu sa hannu ka danna ta. Da farko za ta shiga da sauƙi. Ka kai rabi, za ka ji tana ture hannunka. Ka ce sai ka nutsar da ita gaba ɗaya, sai ka ɗora ƙirjinka a kai. Da ka saki, ta yi tsalle ta fito.

Me ke ture ka? Ruwan da jarkar ta kora daga wurinsa ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka mai lita 25 tana korar ruwa kilo 25 in ta nutse duka. Saboda haka tana iya riƙe nauyin da ya kusa kilo 25, ba ƙari.

Wani masani na ƙasar Girka mai suna Arkimidis ne ya bayyana wannan doka, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ga ta a taƙaice: kilo ɗaya, lita ɗaya. Ku faɗa tare da ni a gida. Kilo ɗaya, lita ɗaya.

Masuntan Argungu suna aiki da dokar nan kullum. Dubi masunci da gorarsa. Babbar gora ce, baki a sama. Yakan kwanta a kanta da ciki, homa a hannu, ƙafafu na bugun ruwa. In ya kama kifi ya jefa a ciki. Yaro siriri, matsakaiciyar gora ta ishe shi. Ƙaton masunci kuwa sai babba. Kuma gwargwadon yawan kifin da ya shiga cikinta, gwargwadon yadda take ƙara zama a ruwa.

Haka allon tsere yake. Masu ƙera shi suna rubuta masa lamba a jiki, su ce lita kaza. Wannan lambar ita ce girman cikinsa, wato yawan ruwan da zai kora in an danne shi duka. Allo mai lita 300 kamar jarka 12 ne aka haɗa wuri guda.

To, wani zai yi saurin cewa, ni kilo 100 ne, ashe allo mai lita 100 ya ishe ni. A'a, ɗan'uwa. Allo mai lita 100 zai nutse har ruwa ya shafe bayansa. Kana buƙatar rara. Ƙiyasin da masu koyarwa kan bayar shi ne, ka ninka nauyinka sau biyu da rabi zuwa sau uku, har ma fiye in kai sabon shiga ne. Mai kilo 70, lita 200 da ɗoriya ta ɗauke shi. Mai kilo 100, ya nemi lita 300 zuwa sama.

Me ke faruwa in rarar ta yi kaɗan? Abu uku.

Na ɗaya, allon zai zauna ƙasa a ruwa. Jikinsa da ke gugar ruwa ya ƙaru, gudu ya ragu.

Na biyu, wutsiyarsa za ta nutse, ta riƙa jan ruwa a baya. Kana tuƙi, ana riƙe ka.

Na uku, ƙaramar igiyar ruwa ma za ta haye samansa, ta daki ƙafarka.

Kilo ɗaya, lita ɗaya. A nan kashi na biyu ya tsaya.

KASHI NA UKU

Masu sauraro, ga mu a kashi na uku, zuciyar shirin. Za mu jera alluna a bakin ruwa mu gwada.

Mu ɗauki wani ƙaƙƙarfan saurayi a matsayin misali. Dogo ne, kilonsa 100, wato daidai da cikakken buhun masara irin wanda ake lodi a kasuwar Yankara. Ya iya ruwa. Ya ɗan saba da tuƙi. Yana so ya shiga tsere.

Za mu duba abu huɗu: tsawo, faɗi, siffar wurin tsayawa, da abin da aka yi allon da shi.

Mu fara da tsawo. A gasa akwai aji biyu da aka fi sani. Akwai mai ƙafa 12 da rabi, wato kusan mita 4. Akwai mai ƙafa 14, wato mita 4 da kwata. Ga mai jiki, maganar a gajarce take: ya ɗauki mai ƙafa 14. Dalili? Dogon jirgi yana shimfiɗa nauyi a kan ruwa mai yawa. Yana tafiya miƙe. Bugun filafili ɗaya ya kai shi nesa kafin ya ƙara wani. Tsawo abokin mai nauyi ne.

Sai faɗi. A nan ake yin kuskure, don haka a saurara da kyau. Ga alluna uku, dukansu masu ƙafa 14.

Allo na farko siriri ne, faɗinsa inci 21 ko 22. Inci 22 bai fi kamu biyu da ɗoriya ba. Irinsa zakarun duniya ke hawa, kuma yawancinsu ba masu nauyi ba ne. Cikinsa kan kama lita 250 zuwa 280.

Allo na biyu matsakaici ne, inci 24 zuwa 26. Cikinsa kan kai lita 300, ko ya ɗan haura.

Allo na uku mai faɗi ne, inci 27 ko 28. Cikinsa kan haura lita 330.

To, saurayinmu ya hau na farko. Da ɗora ƙafa allon ya zauna. Gefensa ya kusa shafar ruwa. Gwiwoyinsa sun fara kakkarwa. Yatsun ƙafarsa sun danƙe allon. Idonsa na kan ƙafarsa maimakon gabansa. Ya kai filafili zai ja ruwa da ƙarfi, allon ya karkata, dole ya sassauta. Rabin ƙarfinsa ya tafi wajen neman tsayuwa. Iska ta ɗan taso daga gefe, sai ji kake tsulum.

Mu yi ɗan lissafi. Mai tafiyar kilomita 9 a awa yana cin mita biyu da rabi a kowace daƙiƙa. In faɗuwa da sake hawa suka ci maka daƙiƙa 20, abokin karawarka ya ba ka ratar mita 50. Faɗuwa uku, mita 150. Wane siririn allo ne zai biya ka wannan bashi? Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ya sauka, ya hau na biyu. Yanzu ƙafarsa ta samu wuri. Allon yana ɗan rawa, amma rawar da ake iya bi. Ya ɗaga kai. Ya miƙa filafili gaba, ya nutsar da shi duka, ya ɗora nauyin jikinsa a kai, ya ja. Kun ga a nan nauyin nasa ya koma riba. Mai jiki yana da ƙarfin da siririn mutum ba shi da shi. Abin da yake nema shi ne wurin da zai taka ya zuba ƙarfin nan cikin ruwa.

Sai ya hau na uku. Wannan kam daram. Ko iska ta taso, ko jirgin inji ya wuce ya tayar da ruwa, yana nan tsaye. Sai dai faɗin yana da kuɗinsa. Goshin allon yana ture ruwa mai yawa. Kuma dole ya riƙa miƙa hannu gefe kafin filafilin ya shiga, sai allon ya riƙa karkacewa, ya riƙa yawan sauya hannu.

To, wanne ne nasa? In ya ƙware, kuma ruwan kwantacce ne irin na madatsa da sassafe, na biyu. In sabon shiga ne, ko ya haura kilo 110, ko ruwan mai iska ne, na uku. Na farko kuwa ya bar wa masu shi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga wani ƙarin haske ga dogaye. Dogon mutum nauyinsa yana can sama, nesa da ruwa. Mutum biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya gajere ɗaya dogo, dogon zai fi jin rawar allo. Ya ƙara inci ɗaya a faɗi, ba abin kunya ba ne.

Abu na uku, siffar wurin tsayawa. Iri biyu ne. Akwai mai shimfiɗaɗɗen baya, kana tsaye a samansa. Akwai kuma mai rami, wanda aka ƙwaƙule tsakiyarsa, ƙafarka ta sauka kusa da fuskar ruwa, gefuna biyu suka taso suka rufe idon sawunka. Mai ramin yana sauko da nauyinka ƙasa, sai rawa ta ragu. Gefunansa masu tsayi suna ƙara masa lita, suna kuma tare igiyar ruwa. Ana yi masa ƙananan ɓuli don ruwan da ya shiga ya fita. Wannan siffa tana yi wa mai jiki daɗi. Amma tana da wahalarta. In ka faɗa ruwa, sake hawa ya fi wuya, don sai ka haye gefen. Kuma wajen juya kwana, taka baya ya fi sauƙi a kan shimfiɗaɗɗe. Mai koyo ya fara da shimfiɗaɗɗe.

Abu na huɗu, da me aka yi shi? Nan ma iri biyu ne.

Akwai mai tauri. Cikinsa soso ne mara nauyi, aka lulluɓe shi da zaren kabon, wani zare mai ƙarfi da rashin nauyi. Allo mai ƙafa 14 irin wannan bai cika wuce kilo 12 ko 13 ba. Ba ya lanƙwasa, kuma ya fi gudu. Amma yana da tsada ƙwarai, daga waje ake kawo shi, kuma ba ya son karo. Madatsunmu cike suke da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Karo ɗaya da kututture, ya tsage. In ya tsage, soson ya sha ruwa, allon ya yi nauyi.

Akwai kuma na hurawa. Ana naɗe shi a jaka, a ɗaure a bayan babur. A bakin ruwa a buga masa iska da famfo. A cikinsa akwai dubban zarurruka da suka ɗinke sama da ƙasa, su ke hana shi kumbura ya zama zagaye. Ana buga masa iska har agogon famfon ya nuna 15 zuwa 18, da irin ma'aunin da mai faci ke auna taya. Ya fi arha, ya fi jure karo. Matsalarsa ga mai jiki ita ce lanƙwasa. In iskar ta yi kaɗan, tsakiyar ta lotsa ƙarƙashin ƙafarka, goshi da wutsiya su ɗaga, gudu ya mutu. Don haka mai nauyi ya nemi mai kaurin inci 6, ya cika iskar daidai yadda masu ƙera shi suka rubuta.

Ga gargaɗin da ya shafi ƙasarmu. Ranar Maris da Afrilu ba ta wasa. Kada ka bar hurarren allo a kwance cikin rana. Iskar ciki tana kumbura da zafi, ɗinkin na iya ɓallewa. Ka ja shi inuwa, ko ka rage masa iska.

Mu tattara kashi na uku. Mai jiki, ka nemi tsawo ƙafa 14. Ka nemi faɗi inci 24 zuwa 28. Ka nemi lita 300 zuwa sama. Ka duba nauyin da masu ƙera shi suka ce zai ɗauka, kada ka zauna a bakin iyakar. Allon da ya fi gudu shi ne wanda ya ɗauke ka daidai, ya bar ka ka yi tuƙi da dukkan ƙarfinka.

KASHI NA HUƊU

Jama'a, mun zo kashi na huɗu. A nan muryata za ta sauya, don maganar ta wuce wasa.

Ɗan tsere in ya yi kuskuren lissafi, kyauta ya rasa. Ɗan fito in ya yi kuskuren lissafi, rayuka ake rasawa.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka madatsar Watari zuwa Bagwai, a jihar Kano. Yawancin waɗanda ke ciki yara ne, ɗaliban Islamiyya, za su taron Maulidi. Jirgin ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Hukumomi suka ce lodi ne ya yi yawa. A watan Mayu na shekarar, wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ya nutse a kogin Kwara da mutane fiye da 150. Nan ma an ambaci yawan lodi. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Madatsar Watari ruwa ne irin na Mairuwa, irin na Zobe. Kwantaccen ruwa ne, ba teku ba. Don haka kada wani ya ce namu ƙarami ne.

Bari mu kawo dokarmu nan. Kilo ɗaya, lita ɗaya. Ɗauki matsakaicin kwale-kwale, wanda shimfiɗar cikinsa ta kai murabba'in mita 5, wato kamar tsawon mita 5 da faɗin mita ɗaya. Duk buhun masara ɗaya da aka ɗora, jirgin zai nutse da santimita 2. Faɗin babban yatsa ke nan. Ba ka ma ganin sa. Shi ya sa ake cewa, haba, a ƙara ɗaya mana. To a ƙara mutum goma masu kilo sittin-sittin. Kilo 600 ke nan. Jirgin ya sauka da santimita 12, fiye da faɗin tafin hannu. A ɗora babur a tsakiya. A ɗora akuya biyu. Yanzu sa hannunka a bakin jirgin. Yatsunka na taɓa ruwa.

Wannan ɗan tsakanin, daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi, shi ne rarar ranku. Shi ne zai tare igiyar ruwa. Shi ne zai ba jirgi damar karkata ya dawo. In ya ƙare, mutum ɗaya ya miƙe tsaye ya isa. Kuma da ruwa ya fara shiga, yakan kwarara ya taru a gefen da ya karkata, ya ƙara danne shi. Mutane su firgita, su ruga ɗaya gefen. Cikin ƙiftawar ido an gama.

Ɗan fito, ɗan'uwana, na san kana neman abinci. Na san man inji ya yi tsada. Na san fasinja na roƙo, rana na faɗuwa, kowa na son gida. Amma sawu biyu da rai ya fi sawu ɗaya da makoki. Ka samu fenti ka ja layi a jikin jirginka. Ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko wane ne ya zo.

Fasinja, kai ma kana da baki. In ka ga bakin jirgi ya kusa ruwa, ka sauka. Ba tsoro ba ne, hankali ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana lodin wuce kima, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya. Doka tana bayanka.

KASHI NA BIYAR

Ga mu a kashi na ƙarshe. Shawarwari bakwai ne. Wanda ke da biro ya rubuta.

Ta ɗaya. Ka san nauyinka. Je asibiti ko wurin masu awon hatsi, ka hau sikeli. Ka haɗa da nauyin kayan da za ka ɗauka.

Ta biyu. Ka koyi ruwa kafin ka hau komai. Iya ruwa fidda kai. Ka koya a wurin wanda ya iya, a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa.

Ta uku. Rigar kariya ita ma tana da awo. Ta yaro daban, ta babba daban, ta mai jiki daban. Ka duba kilon da aka rubuta a jikinta. Ka ɗaure ta tamau. In aka ja ta daga kafaɗa ta haye kunnenka, ta yi maka yawa.

Ta huɗu. Allon tuƙi yana zuwa da igiyar da ake ɗaurawa a ƙafa, don kada iska ta raba ka da shi. A madatsa, ka ɗaura. A rafi mai gudu kuwa, igiyar ƙafa haɗari ce, don tana iya sarƙewa a reshe, ruwa ya danne ka. A can ana ɗaura ta ne a ƙugu, da maɓallin da ake ɓallewa da hannu ɗaya.

Ta biyar. Kada ka saya kafin ka gwada. In na hannu ne, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka bi jikinsa da yatsa kana neman tsaga. Kuma ka yi sabo da shi tun kafin ranar gasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta shida. Ka dubi sama kafin ka dubi ruwa. In hadari ya haɗo daga gabas, ka fito. Iskar da ke gaban ruwan sama tana tayar da madatsa nan da nan. Kuma kada ka shiga kai kaɗai. Ka sanar da Sarkin Ruwa ko masuntan wurin, su suka san inda kututture yake da inda zurfi yake.

Ta bakwai. Kwantaccen ruwa mai ciyawa yana ɗauke da cutar tsargiya. In ka ga jini a fitsari bayan shiga ruwa, kai ko ɗanka, a je asibiti. Akwai magani.

Iyayena mata, kalma ɗaya gare ku. Da damina kududdufai da ramukan da aka ɗebi ƙasa suna cika. Yara kan rungumi jarka su faɗa. Kun dai ji lissafin: jarka mai lita 25 ba ta riƙe abin da ya wuce kilo 25, kuma marfinta na iya kwancewa. A sa musu ido. A haɗa su da babban da ya iya ruwa.

Samari masu jiki, ku kuma ina ƙarfafa muku gwiwa. Kada wani ya ce muku wasan ruwa na sirara ne. Ƙarfinku jari ne a kan filafili. Ku nemi jirgin da ya yi daidai da ku, ko allo ne ko kwale-kwalen da masassaƙi ya yi. Shugabannin matasa da malaman wasanni na ƙananan hukumominmu, ku zauna da masunta, ku fara da koya wa yara ruwa. Daga nan tsere zai biyo.

Mu maimaita abin da muka koya. Kilo ɗaya, lita ɗaya. Mai jiki ya nemi dogon allo mai isasshen faɗi. Ɗan fito ya ja layi a jirginsa. Fasinja ya sa rigar kariya. Kowa ya auna kansa kafin ya zaɓi jirgi.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman 'yan'uwanmu da ke shirin tafiya cin rani bakin kogi.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa. Allah Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya sa albarka a gonakinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.